Ankon biki huɗu a watan Disamba, ya zan yi?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Tunda hunturu ya kama bikin dangi huɗu ke gabana, har da na ƙanwata, kowanne da ankon kamu da na dina. Jiya na sayo atamfa biyu a Kantin Kwari, gabana na faɗuwa, don kuɗin makarantar yara na Janairu na taɓa. In na ƙi sauran, a ce na raina dangi.

Hajiya Gwale:
'Yata, yi na ƙanwarki kaɗai. Sauran ki sa leshinki na Sallah, ki kai gudummawa.

Baban Sadiƙ:
Tela nake a Fagge. Wallahi ɗinkunan bara na nan rataye a shagona, masu su sun kasa karɓa.

Maman Ilham:
Hajiya, babbar yayarmu fa? Da hannunta ta kawo min ankon.