Wai a Oxford wa ke da wuƙa da nama, jami'a ko kwalejoji?

Auwalu: Jama'a ni fa na gama yarda cewa jami'ar Oxford suna ne kawai, kwalejojin cikinta su ne masu gari. Kwaleji sama da 30, kowacce da filayenta da kuɗinta da majalisar malamanta, ita ke ɗaukar ɗalibin digirin farko ta ba shi ɗaki ta ciyar da shi. To me ya rage wa shugaban jami'a banda sa alkyabba ranar yaye ɗalibai?

Malama Rabi: Haba Auwalu, to wa ke tsara manhaja, wa ke shirya jarrabawa, wa ke ba da digirin? Ba kwalejin da ta taɓa ba wa kowa digiri. Laccoci da ɗakunan gwaje-gwaje da babban laburaren Bodleian duk na jami'a ne, kwaleji nata shi ne zaman nan na malami da ɗalibi biyu ko uku duk mako.

Sagir: Ku tsaya, kamar kwalejin likitanci ta jami'o'inmu kenan?

Malama Rabi: A'a ƙanena, tamu sashe ce ta jami'a. Can kowace kwaleji hukuma ce mai cin gashin kanta, kuma a kwaleji ɗaya za ka ga mai karatun lissafi da mai tarihi suna cin abinci a tebur ɗaya.

Auwalu: Yauwa Malama kin faɗa da bakinki. Ki duba gunkin Cecil Rhodes, ɗan mulkin mallakar Birtaniya a kudancin Afirka, da ke jikin ginin kwalejin Oriel yana kallon babban titi, ɗalibai sun yi ta zanga-zanga tun 2015, a 2020 kwalejin ta ce tana so a sauke shi, a 2021 ta dawo ta ce kuɗin aikin da wahalar samun izinin taɓa tsohon gini sun yi yawa, shi kenan magana ta mutu, gunki na nan inda yake. Jami'a ta iya cewa uffan?

Dakta Bello: Nan kam ka yi gaskiya, ginin na Oriel ne. Amma ka bar rabin labarin, malamai kusan 150 sun ce sun daina koyar da ɗaliban Oriel a wancan zama na mako-mako. Me ya sa abin ya yi zafi? Don ba kwalejin da ke da malamin kowane fanni, dole ta tura ɗalibanta maƙwabta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa suke da zauren da suke kira Conference of Colleges, shugabanninsu na zama, masu riƙe da baitulmali na da nasu kwamitin, masu kula da karatu ma haka, a daddale matsaya ɗaya kafin a je gaban jami'a.

Auwalu: Zauren shan shayi dai Dakta, wa zai tilasta wa kwalejin St John's da dukiyarta?

Dakta Bello: Ai kuwa tana biya. Akwai asusun da kwalejoji masu ƙarfi ke zubawa a tallafi marasa ƙarfi. Ɗaukar ɗalibai ma ka'ida ɗaya suka amince da ita, wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ake ɗauka ba kwalejin da suka zaɓa ce ke ɗaukarsu ba. A jami'ar Cambridge mai kwaleji 31 ma duk watan Janairu ana baje takardun waɗanda suka cancanta amma ba gurbi, wasu kwalejojin su zaɓa.

Malama Rabi: Ni inda zan ɗan ba Auwalu gaskiya shi ne jan ƙafa, wallahi abin haushi. Kwalejojin maza biyar ne suka fara ɗaukar mata a 1974, sauran kowa sai da ya ga dama, St Hilda's ta mata kuwa sai 2008 ta buɗe wa maza.

Auwalu: To kun gani. Kuma a 2006 shugaban jami'a John Hood ya kawo gyara a sa mutanen waje su yi rinjaye a majalisar gudanarwar jami'a, aka yi fatali da shi.

Dakta Bello: Ba kwalejoji suka kayar da shi ba ai, Congregation ce, babbar majalisar malamai ta ita jami'ar, wadda ta hana Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher digirin girmamawa a 1985. Kuma yawancin masu ƙuri'a a can su ne dai ke zaune a majalisun kwalejojin, mutum ɗaya hula biyu, da yawansu albashinsu ma rabawa ake tsakanin jami'a da kwaleji.

Auwalu: Shugaba dai ya sha kaye ko bai sha ba?

Sagir: Ni dai Dakta a faɗa min, in zan cike fom wace kwaleji zan sa, tunda ashe suna iya miƙa ni wata?