Neman shawara: in zuba adashina a taron Burasels ko in tsaya a na gida?

Sista Rabi: Assalamu alaikum iyayenmu da abokan aiki. Ni nas ce a sashen kulawa ta musamman, wato ICU, a wani asibitin koyarwa a nan Arewa. Kwasar adashina ta kusa, kuma na daɗe ina burin halartar ISICEM, babban taron nan na masu aikin kulawa ta musamman da ake yi duk watan Maris a Burasels ta Beljiyam. Na rubuta wa hukumar asibiti ko za su ɗauki nauyina, aka ce babu shi a kasafi. Maigida ya ba ni izini, amma ya ce in yi shawara da waɗanda suka san harkar, don kuɗin jirgi da masauki da rajista za su lamushe adashin gaba ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne, ina yin abubuwa da yawa a bakin gado ba tare da na san dalilinsu ba. Da tsakar dare na'urar numfashi za ta kama ƙara, jar fitila tana nuna matsin iska ya hau, likita yana tiyata. Sai in zuƙe majina, in duba ko bututu ya lanƙwashe. In ƙarar ba ta tsaya ba, daga nan sai waya. Ina so in wuce nan. Ga kuma lasisina da zai ƙare baɗi, ina neman makin MCPDP, wato horon ƙaro ilimi na dole kafin a sabunta lasisi. In je Burasels, ko in je taron shekara na NANIN, ƙungiyar nas-nas na ICU ta Najeriya, a nan gida in ajiye sauran kuɗin?

Mama Matiron: Wa alaikumus salam 'yata. Ki fara raba abu biyun nan, maki daban, ilimi daban. Lasisinmu duk shekara uku ake sabunta shi, kuma Hukumar Nas-nas da Ungozoma ce ke faɗin horon da ta amince da shi. Kada ki ɗauka duk satifiket ɗin da aka buga a Turai za su karɓa. Ki tambaye su tun kafin ki biya ko sisi. In ba haka ba, ki yi MCPDP ɗinki a jiharku ki huta.

Maganar taro kuwa, na ga iri-iri kafin in yi ritaya. Wasu za su sa hannu a rajista, su karɓi jaka da biro, su wuce kasuwa, sai ranar raba satifiket a sake ganinsu. Ki duba jadawalin taron, ki nemi bitar da ake yi kwana ɗaya ko biyu kafin buɗewa, wadda za a ba ki na'ura ki murɗa da hannunki. Ita ce maganin ƙarar da ke hana ki sukuni.

Dakta Sani (sashen sa barci): Sista Rabi, na taɓa zuwa Burasels ɗin, kuma ba zan rage masa daraja ba, taro ne na gaske. Sai dai laccoci da yawa a kan ECMO suke, wato na'urar da ke fitar da jini ta sa masa oksijin ta mayar da shi jiki, da na'urorin da sai an huda jijiya suke auna aikin zuciya. Ke kuma za ki dawo wurin da wani daren gwajin iskar jini ma ba ya samuwa. Kuma zaure ne na dubban mutane, ba wanda zai tsaya ya nuna miki abin da za ki taɓa in matsin iska ya hau.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci. Ba duk abin da ya yi aiki a can ne yake aiki a nan ba. A 2011 an fitar da sakamakon binciken FEAST da aka yi a Kenya da Yuganda da Tanzaniya, a kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun jini ba ya zagawa sosai. Waɗanda aka ɗura wa ruwa ta jijiya da sauri sun fi mutuwa cikin awa 48 a kan waɗanda ba a yi wa haka ba. Duk littattafan lokacin akasin haka suke koyarwa. A 2017 aka samu irin wannan a Lusaka ta Zambiya, a kan manya masu sefsis, wato mummunan kamuwa da ƙwayar cuta da ke taɓa gaɓoɓin jiki, da matsin jininsu ya sauka: kashi 48 cikin ɗari suka rasu a rukunin da aka bi tsarin ɗura ruwa da yawa, kashi 33 a rukunin kulawar da aka saba. Ɗaya daga cikin dalilan da ake dangantawa shi ne, in ruwa ya taru a huhu, ba na'urar numfashin da za ta ceci mutum. To wa zai zauna da ke ku tattauna wannan? Wanda yake aiki a irin ɗakinki. Shi kuwa a tarukan gida da na Afirka ya fi samuwa.

Shawarata, ki nemi kwas ɗin tushen kulawa ta musamman, wato BASIC, wanda ya samo asali daga wata jami'a a Honkon, yana da na nas-nas, ko FCCS na SCCM, ƙungiyar masu kulawa ta musamman ta Amurka, wanda kwana biyu ne. Dukansu ana zaunar da mutum gaban na'ura. A can za ki fahimci dalilin da ya sa tun 2000 ake ba mai ARDS, wato mummunan kumburin huhu da ke hana oksijin shiga jini, iska mililita 6 a kowane kilo, kuma da tsayinsa ake lissafa kilon, ba da abin da sikeli ya nuna ba. Tef ɗin awo kawai wannan yake buƙata.

Nas Bilkisu: Dakta, da girmamawa, ban yarda gaba ɗaya ba. Kullum mu nas-nas ake ce wa mu tsaya a gida, likitoci kuma su tafi. Gani ya kori ji. Ni a taron waje na fara ganin nas ta hau mumbari tana bayanin yadda ake yaye majinyaci daga na'ura, kwansoltan-kwansoltan suna rubutawa. Wannan ya sauya yadda nake kallon aikina. Anti Rabi, ki je, amma ba da adashinki ba, kuma ba hannu rabbana ba. Ki rubuta taƙaitaccen bincike ki aika. In an karɓa, wasu ƙungiyoyin suna rage wa 'yan ƙasashe irin namu kuɗin rajista, wasu har tallafin tafiya. Takardar karɓar ma tana ƙara wa neman biza ƙarfi. In Turai ta yi nisa, akwai taron shekara na CCSSA, ƙungiyar masu kulawa ta musamman ta kudancin Afirka, a Afirka ta Kudu.

Dakta Sani: Kin yi gaskiya Bilkisu, kuma ban ce kada ta je ba har abada. Na ce ta fara da wanda zai amfane ta a aikin daren gobe.

Malam Audu (gashin ƙashi): Ko wanne kika je, ki nemi inda ake koyar da kifa majinyaci rub da ciki. Binciken PROSEVA na 2013 ya nuna mace-mace cikin kwana 28 sun sauka daga kusan kashi 33 zuwa 16 ga masu ARDS mai tsanani da aka kifa aƙalla awa 16 a jere. Ba ya cin kuɗi, amma yana cin hannuwa: mutum ɗaya a kai yana riƙe da bututu, shi ne mai ba da umarni, biyu-biyu a gefe, ga matasai a ƙirji da ƙugu, a riƙa juya fuska don kada fata ta ƙuje. Wannan ba a koyonsa a majigi. Ki roƙi Matiron ɗinku ta sake ki da mutum ɗaya ko biyu, don ke kaɗai ba za ki iya kifa kowa ba in kin dawo.

Injiniya Kabiru: Ki ɗauki hoton lambar samfurin na'urorinku a waya. Kamfanoni suna baje kaya a wurin taro, kuma galibi akwai masu gyara a rumfarsu. Ki tambaye su yadda ake gwajin yoyon iska da lokacin sauya firikwensin oksijin.

Ummu Safiyya: A kula da tarukan bogi. In kika ga saƙo yana yabonki, yana gayyatarki ki zama babbar mai jawabi a Dubai alhali ba ki aika komai ba, kuɗin rajista suke so. Ki shiga shafin ƙungiyar da kanki ki biya.

Sista Rabi: Allah ya saka da alheri, Mama na gode. Na tsai da shawara: bana taron gida da bitarsa, kuma zan nemi BASIC. Burasels sai na samu abin gabatarwa. Amma Dakta, me irina za ta rubuta? Ba mu da ɗakin gwaji na a-zo-a-gani.

Dakta Sani: Kina da littafin rajistar ɗakinku, ya isa a fara. Binciken ACIOS da ya fito a mujallar Lancet a 2025 ya duba asibitoci 180 a ƙasashen Afirka 22, ya gano majinyaci ɗaya cikin takwas yana cikin mawuyacin hali, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na irin waɗannan a wod na gama-gari suke kwance, ba a ICU ba. Ki ɗauki wata shida, ki rubuta duk wanda aka kawo muku daga wod: awa nawa tsakanin lokacin da oksijin ɗinsa ko jininsa ya fara sauka da lokacin da ya iso gare ku, me aka yi masa a tsakani, yaya ya ƙare. Ki karanta jerin matakai 40 na EECC, wato tushen kulawar gaggawa da ta mawuyacin hali, da aka fitar a 2021, ki auna da shi. Kafin ki buɗe fayil ko ɗaya, ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku, don yana ɗaukar lokaci, kuma manyan taruka suna rufe karɓar rubutu watanni kafin ranar buɗewa. In kin tsara takardar tattara bayanan, ki turo min in duba.