Me za mu kira irin maganar da Reagan ya yaɓa wa Mondale?

Jama'a, assalamu alaikum. Kalma nake nema, na kwana biyu ina juya ta a kai ban samu ba.

Daren shekaranjiya muna zaune wajen mai shayi a Ƙofar Doka, nan Zariya, ni da Kawu, sai wani yaro ya miƙo waya yana ƙyaƙyata dariya. Tsohon bidiyo ne na muhawarar 'yan takarar shugabancin Amurka ta 1984. Ronald Reagan yana da shekara 73, yana neman zango na biyu, kuma a muhawarar farko ya yi ta inda-inda har aka fara raɗe-raɗin tsufa ya cim masa. A karo na biyu, a Kansas City, ɗan jarida ya tambaye shi ƙiri-ƙiri ko shekarunsa za su bar shi ya riƙe ƙasa. Sai ya ɗaure fuska ya ce shi ba zai sa batun shekaru cikin kamfe ba, ba zai ci ribar siyasa da ƙuruciyar abokin takararsa da rashin gogewarsa ba. Abokin takarar nan, Walter Mondale, shekararsa 56, ya yi sanata, ya yi mataimakin shugaban ƙasa. Zaure ya fashe da dariya, shi kansa Mondale ya kasa riƙe tasa. Da aka yi zaɓe Reagan ya kwashe jihohi 49 cikin 50.

Na fassara wa Kawu, ya dara, sannan ya ce: "To ɗana, wannan abin da ya yi, mene ne sunansa?" Na ce Amurkawa zinger suke ce masa. Ya ce bai tambaye ni Amurkawa ba.

Abin da nake nema suna ne na gajeriyar magana mai zafi mai ban dariya, wadda ɗan takara yake jefa wa ɗan'uwansa ido da ido gaban jama'a. Sau da yawa tun a gida aka dafa ta da mashawarta, amma sai a fito da ita kamar yanzu ta faɗo. Bismillah.

Wani ɗalibi daga Samaru: Yaya, ai habaici ne. Ina abin wahala a nan?

Mai tambaya: Ƙanena, shi na fara ba Kawu, ya mayar mini da shi. Habaici ba ya kama suna. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, amma idan aka tare shi sai ya ce shi da iska yake magana. Ƙarfin habaici shi ne ƙofar gudu da yake bar wa mai yin sa, kuma wanda ya tanka ya tona kansa, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Reagan kuwa ga mutumin nan tsaye taku kaɗan daga gare shi, ya ce "abokin takarata". Ba sakaye ko kaɗan. Gugar zana da shaguɓe ma duk wannan layin suke bi, ta gefe suke zuwa.

Wata malamar Hausa daga Tudun Wada: Malam, bari in taya ka share waɗanda ba su ba ne, ko hanya ta buɗe. Zambo yana kama mutum, amma gidansa waƙa, kuma muni yake nema: ya siffanta ƙirar mutum, ko rowarsa, ko asalinsa, don a ƙasƙanta shi. Aikin maroƙi ne, ba na mai neman sarautar ba. Gatse kuwa faɗar abu ne alhali kishiyarsa ake nufi, kamar uwa ta ce wa yaro "ci gaba da wasa da wutar". Maganar Reagan akwai gatse a cikinta, wannan gaskiya ne, amma ba duk irin waɗannan maganganu ne gatse ba. A 1980 da Jimmy Carter ya taso shi kan inshorar lafiyar tsofaffi, murmushi kawai ya yi ya ce abin da a Hausa za mu ce "ka fara ko?" Babu gatse a nan. Ba'a da zolaya da barkwanci kuma sun yi laushi, ana yin su ne don a yi dariya tare a tashi lafiya.

Wani direba daga Kwangila: Baƙar magana. A tasha kullum ita muke sha.

Malamar Tudun Wada: Alhaji, baƙar magana idan aka yaɓa wa mutum, 'yan kallo shi suke tausaya wa. Wannan kuwa 'yan kallo bayan mai maganar suke komawa. Bambancin ke nan, dariyar jama'a ita ce shaida.

Ɗalibin Samaru: To a ara mana kawai. Mun ari kamfe, mun ari furamare, mun ari sanata. A ce zinga a huta.

Mai tambaya: Ban ƙi aro ba, rabin kalmomin siyasarmu na aro ne. Amma kamfe da furamare sun shigo ne don mutane sun yi ta jin su a bakin 'yan siyasa har suka zauna. Wannan ba wanda ya taɓa jin ta a Sabon Gari ko Babban Dodo. Ka ce zinga a rediyo, rabin masu saurare zuga za su ji, ga shi zuga kusan kishiyarta ce.

Wani dattijo daga cikin birni: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, na ga jiya na ga yau. Kun tsaya neman kalma ba ku tambayi dalilin da ya sa babu ita ba. Mu nan ɗan takara ba ya tsayawa gaban ɗan takara. Kowa da dandamalinsa, kowa da taronsa, kowa da mawaƙinsa. Tun zamanin NEPU da NPC haka abin yake: lacca a fili, waƙa ta biyo baya, can wani gari a mayar da martani bayan kwana uku. Hajiya Gambo Sawaba ta garin nan ba ta tsoron faɗa wa kowa magana, ta sha ɗauri a kan haka, amma ba a taɓa ajiye mata abokin hamayya a gefe an ce ga minti biyu ki amsa ba. A 1979 Waziri Ibrahim na GNPP ya zo da "siyasa ba da gaba ba", magana gajeriya da ta zauna a bakin mutane har yau, amma take ce, ba jifa ba. Yanzu kuma an sallama aikin ga sojojin baka a gidajen rediyo, su yi ta yi da dare, mai gidan yana barci. Shi ya sa muke da sunaye barkatai na maganar da ake yi a bayan ido, ta gaban ido kuwa sai lalube.

Mai tambaya: Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan ta buɗe mini ido. Da na duba, muhawarar da ake yawan tunawa da ita a ƙasar nan ita ce ta Abiola da Bashir Tofa a talabijin na NTA kafin zaɓen 12 ga Yuni 1993, kuma Abiola an san shi da karin magana kamar ya haɗiyi littafinsu. Bayan nan sai wasan ɓuya. A 2011 Buhari da Ribadu da Shekarau suka tsaya muhawara, Jonathan bai zo ba, daga baya ya je wata ya tsaya shi kaɗai. A Janairun 2019 Buhari bai je ba, Atiku ya iso wurin, da ya ga babu Buhari ya juya. Wanda yake ganin yana gaba ba ya son ya ba na baya damar jifa ɗaya da za a yi wata ana maimaitawa a waya. "Emi lo kan" da Tinubu ya faɗa a Abeokuta a 2022 ta zagaya ƙasa, har wanda bai iya Yarbanci ba ya san "lokacina ne" take nufi, amma ita ma daga dandamali ta fito, ba wanda ke tsaye gabansa zai amsa.

Direban Kwangila: To tunda gaba da gaba ne, ku je gidan dambe ku ɗauko. Kwaf ɗaya. Muhawarar ma sau da yawa uku suke yi, kamar turmi uku.

Ɗalibin Samaru: Wallahi wannan ta yi daɗi. Na janye zinga.

Malamar Tudun Wada: Ta yi daɗi a baki, Alhaji, amma ta yi alkawarin da ba za ta cika ba. A dambe idan aka yi kwaf ɗaya an yi kisa, wasa ya tashi. Ku dubi 1988, muhawarar masu neman mataimakin shugaban Amurka a Omaha. Dan Quayle, ɗan shekara 41, ya ce gogewarsa a majalisa ta kai ta John Kennedy lokacin da ya nemi shugabanci. Lloyd Bentsen, dattijo mai shekara 67, ya dube shi ya ce ya yi aiki da Kennedy, ya san Kennedy, Kennedy abokinsa ne, sannan ya rufe da cewa: Sanata, kai ba Kennedy ba ne. Quayle abin da ya iya cewa kawai shi ne wannan bai dace ba. Har yau idan ana lissafa irin waɗannan maganganu da ita ake farawa. Amma wa ya ci zaɓe? Bush da Quayle, jihohi 40. Wanda aka ce an yi wa kwaf ɗaya shi ya shiga ofis, mai naushin ya koma majalisa. Abin da maganar take kashewa baki ne, ba takara ba.

Mai tambaya: Malama, tsaya. Kin faɗe ta ba ki sani ba. Kashe-baki.

Ku duba. Muna cewa "ya kashe masa baki" tun fil azal, ba baƙuwa ba ce. Ƙirar kuma irin ta dafa-duka ce da fasa-ƙwauri da share-fage, aikatau da abin da ya faɗa wa, a haɗe su zama suna. Tana shiga jimla ba gardama: "Bentsen ya yi wa Quayle kashe-baki." "Mashawartansa sun shirya masa kashe-baki uku, ɗaya kawai ya samu wurin jefawa." Kuma ta faɗi iyakar abin, daƙiƙa biyar ɗin nan da mutum zai buɗe baki ya rasa abin cewa, jama'a na dariya.

Direban Kwangila: Kada dai a rikita ta da toshiyar baki, don ita ma 'yan siyasa sun iya ta.

Dattijon cikin birni: Waccan da kuɗi ake yi, wannan da kai. Ba za su rikice ba. Amma ina dariyar a cikin sunan? Ana kashe wa mutum baki da hujja ma, ba wanda ya dara. Malamai a muƙabala haka suke yi.

Malamar Tudun Wada: Gaskiya ne Baba, nan ne raunin kalmar. Amma suna ba ya ɗaukar duk kayan ma'ana, dafa-duka ma ba duka ake dafawa ba. Idan mai fassara ya ga wurin na buƙata, ya ce kashe-bakin raha a karon farko, daga nan ya ci gaba da gajeren. Abin da zan ƙara shi ne a yi hattara wajen fassara su, don dariya ba ta cika tsallaka teku ba. A 2012 Romney ya yi kukan jiragen ruwan yaƙin Amurka sun ragu, rabon da a ga haka tun wajen yaƙin duniya na ɗaya, Obama ya ce ai dawaki da wuƙaƙen bakin bindiga ma sun ragu. Can an yi dariya don doki kayan tarihi ne a wurinsu. Ka faɗi haka a Zariya ana saura kwana uku hawan Sallah, wani zai tambaye ka wa ya rage dawakin, kuma me ya sa.

Wani Bakano da ya faɗo zaren: Ikon Allah. Yau Zage-zagi ne ke raɗa wa Hausa suna? Mutanen da ke cewa "mota ya zo", "matana ya tafi kasuwa"? Ku fara raba namiji da mace tukuna, sannan ku zo Kano a duba muku kalmar.

Mai tambaya: Sannu da zuwa, Alhaji. Gaskiya Ta Fi Kwabo a garin nan aka fara buga ta a 1939. Da aka zo rabo mu muka ɗauki gaskiyar, ku kuka tsaya kan kwabon.

Ɗalibin Samaru: Minti arba'in ke nan, Alhajin Kano bai dawo ba.

Malamar Tudun Wada: A rubuta, an gwada kalma ta yi aiki. Kuma namiji ce, "kashe-bakin Reagan" za a ce, saboda haka ko a bakinmu ba za ta lalace ba.

Bakanon: Ina nan, ciniki nake yi. Kwabon ne ya hana ni amsawa.

Mai tambaya: Na kai wa Kawu yau da la'asar. Ya maimaita ta sau biyu a hankali, ya ce ta zauna. Sai ya ce tunda na iya nema, in nemo masa sunan abin da ɗan takara yake yi idan bakinsa ya zame ya faɗi abin da zai kashe shi da kansa. Na ce ai wannan muna da ita, suɓutar baki, ko katoɓara in ta yi muni. Ya ce to ka gani, wadda 'yan siyasarmu suke yi kullum ba mu rasa sunanta ba.