Wane suna za mu sa wa "gaf" ɗin fulogi da Hausa?

Jama'a masu harkar gyaran mota ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Fulogi dai ya riga ya zama Hausa, ba gardama a nan. Amma ɗan sararin nan da ke tsakanin tsinken tsakiya da lanƙwasasshen ƙarfen da ya rufo kansa, inda tartsatsin wuta yake tsallakawa, har yau gaf muke ce masa, kuma yaran gareji da yawa faɗa kawai suke yi, ba su san abu ne da ake aunawa ba.

Wani ya ce tazara. Tazara ta yi girma gaskiya, nan ana maganar abin da sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba. Tsohuwar akori-kura Fijo 404 ko 504 mai kabureta da kwantak (abin da ke yanke wuta yana haɗawa don fulogi ya ba da tartsatsi) milimita 0.6 take so, motocin da suka zo daga baya masu ba fulogi wuta ta na'urar ilektironik kan kai 1.0 ko 1.1, in ka ɗauko fulogin sabuwar mota ka ɗaura wa tsohuwar Fijo ba ka matse gaf ɗin ba to kwayil ɗinta, wato abin da ke ƙara wa wutar ƙarfi, ba zai iya tura wuta ta tsallaka ba, da safe lokacin hunturu sai an tura, in ta ɗau kaya ta hau tudu kuma ta dinga mis.

Wani kuma ya kawo giɓi. Ya kusa, sai dai giɓi wurin da abu ya fita ne, wannan kuwa da gangan kamfani ya bar shi.

Ni wushirya na zaɓa. 'Yar ƙarama ce tsakanin haƙora biyu, da ita aka zo, ba lalacewa ba ce. Sai oga ya ce wa yaro auna wushiryar fulogin nan, in ta yi faɗi ka ɗan ƙwanƙwasa ƙarfen a hankali, in ta matse ka ɗaga shi, kar ka taɓa farin tangaran ɗin. Giɓi kuma mu ajiye shi don ranar da wuta ta cinye ƙarfen, bakinsa ya mulmule, sararin ya wage, wannan fulogi ya yi giɓi sai canji.

Masu 911 da sauran manyan motocin dizal wannan bai shafe ku ba, ba ku da irin wannan fulogi, nozul mai fesa mai gare ku.

Saura lambar zafi da sanyi da ke rubuce a jikin fulogi, ita ma tana rikita mutane, don a fulogin kamfanin NGK babbar lamba ita ce mai sanyi, a na Bosch kuwa babbar ce mai zafi. Makanikan Maraɗi da Damagaram, ku da kuke ce wa fulogi buji, me kuke kiran wannan sararin?