Cutar itatuwa da ta zo daga waje ta zauna, me za mu kira ta?

Jama'a, sallama. Hausar kalmar "invasive" nake nema, wadda Turawa ke liƙa wa cutar itatuwa da ta ƙetaro daga wata ƙasa, ta tarar ba mai taka mata birki, ta bazu.

Zaitun ɗin kudancin Italiya ne ya jawo maganar. A 2013 aka gano ƙwayar Xylella a yankin Puliya. Toshe hanyoyin ruwan da ke cikin itace take yi, sai ka ga reshe guda ya bushe kamar an babbake shi, na kusa da shi kore shar, kafin a ankara itacen ya tafi gaba ɗaya. Wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ruwan tsiro ne ke yawo da ita. A 2015 Tarayyar Turai ta ce a sare duk itacen da zai iya kamuwa in yana cikin mita 100 daga wanda ya kamu, ko da lafiyarsa ƙalau. Manoma suka ce ba za ta saɓu ba. Aka yi zanga-zanga, har masu gabatar da ƙara a Lecce, wani birni a Puliya, suka tsayar da saran, suka koma binciken masanan da ke nazarin cutar su kansu. Ni ban ga laifin mai gona sosai ba: itacen da ka gada tun kaka da kakanni, ganye lumshi, a ce ka sa masa gatari? Dole sunan cutar ya gaya masa dalili.

Wani malami ya ce "baƙuwar cuta". Allah gafarta Malam, baƙo ai raɓa ne, yau yana nan gobe ya wuce. Wannan kuwa ba ta da niyyar tafiya.

"Annoba" kaɗai ba ta nuna daga waje ta zo ba. "'Yar baƙin haure" kuma a bar ta, da mutane ake wannan maganar. Balle cutar ba katanga ta haura ba, mu muka ɗauko ta a jirgi, cikin dashe da gungumen katako. Cutar itacen elm da ta kashe itatuwa sama da miliyan 25 a Birtaniya, a gungume ta shiga.

Wata Hajiya ta kawo "mai mamaya". Ya zauna a rubutu, amma ƙamshin bariki yake yi, sai ka zaci sojoji ne a bakin gari.

Wadda ta kwanta min a rai ita ce "kaka-gida". Kowa ya san wanda aka ba wurin kwana ya yi kaka-gida, ya hana mai gida sakat. Ku gwada a baki: "Xylella baƙuwar cuta ce mai kaka-gida." Malam, ka ga baƙuwarka ta dawo, an dai ɗaura mata wutsiya.

Da ita zan riƙa rubutawa. Saura sunan yankin nan na mita 100 da aka ce a sare a 2015, wani ya ce "shingen kariya", ni kuma ban ga shinge a wurin ba.