Switch 2 zai fito 5 ga Yuni, in sa a sayo min ranar farko ko in jira? (Hira ce ta watan Mayun 2025, kafin na'urar ta fito; farashin da ke ciki na lokacin ne.)

Ɗan_Hotoro ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar gem. Tun ranar 2 ga Afrilun 2025 da Nintendo suka nuna sabuwar na'urar gem ɗinsu Switch 2 hankalina yana kansa, sun ce 5 ga Yuni zai shiga kasuwa, a Amurka dala 449.99, a Ingila kuma fam 395.99, in da Mario Kart World a ciki fam 429.99. To yayana yana zaune a Ingila kuma zai zo gida bayan babbar sallah, ya ce in har da gaske nake in turo kuɗin ya nema min ya taho da shi, ka ga na tsallake kuɗin jirgi da ribar 'yan kasuwa kenan. Ina da tsohon Switch ɗin nan na farko wanda ya fito 2017, ni da ƙannena muke bugawa, yawanci Mario Kart 8 da Zelda, wani lokaci ƙwallo.

Abin da ke damuna shi ne kuɗin ba kaɗan ba ne, in aka lissafa dala a wajen naira 1,600 na Mayun 2025 ana maganar sama da dubu 700 tun kafin a sayi komai a kai, ga sallah ta zo daidai lokacin. Wani abokina ya ce kar in kuskura in sayi na'ura a farkon fitowarta, wai na farko su ne ake gwaji da su, wani kuma ya ce in na bari yaya ya zo ya koma to sai dai in saya ninki a nan. Ina da kuɗin a ajiye, ba bashi zan ci ba, amma ba na so in yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Me kuka gani?

Mai_gyara_Farm_Centre ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ni dai aikina kenan buɗe waɗannan na'urori, kuma shawarata ka jira, zan faɗa maka dalili.

Na farko maganar garanti. Wanda ke zaune a Landan ko a Dubai in ya sayi sabo ya ga matsala, gobe zai mayar shago a canza masa, kai kuma da zarar yaya ya sauka a Kano da shi garantin nan ya zama takarda kawai, sai dai ka jira wani mai tafiya ya kai maka, ya jira a gyara, ka sake neman mai dawowa. Mu kuma a nan sabuwar na'ura ba mu da kayanta, sikirin ne, bakin caji ne, sandar hannu ce, sai an ɗauki watanni kafin su fara shigowa daga Sin. In yaro ya yar da shi a sati na biyu wlh ba abin da zan iya yi maka sai haƙuri.

Kuma abokinka bai yi ƙarya ba, an taɓa gani. Xbox 360 ya fito ƙarshen 2005, waɗanda suka yi rububin saya su ne suka sha wahalar jar fitilar nan guda uku da ke kamawa a gaban na'urar ta mutu, har sai da Microsoft a Yulin 2007 suka ƙara garantin zuwa shekara uku, abin ya ci musu sama da dala biliyan ɗaya. Su can an gyara musu kyauta. Shi kansa Nintendo ɗin, 3DS ya fito a Amurka Maris 2011 a kan dala 249.99, kafin watan Agusta ya ƙare sun sauke shi zuwa 169.99, ko wata biyar bai cika ba, sai gem 20 suka raba wa waɗanda suka saya da wuri don su huce. Sannan Switch ɗin da ke hannunka, ai ka san a 2019 sun fito da mai jan kwali wanda batirinsa ke kai awa 4.5 zuwa 9, naku na farko kuwa 2.5 zuwa 6.5 ne, kuma kuɗi ɗaya. Shi wannan sabon su da kansu sun rubuta awa 2 zuwa 6.5, kai da ka san yanayin wutarmu ka duba wannan da kyau.

Sai maganar hannu. Kowa ya san yadda sandar Joy-Con, wato hannun Switch, ke fara tafiya da kanta ba ka taɓa ba, har kotu aka kai su a Amurka. Mutane sun sa rai wannan karon za a saka irin sandar maganaɗisu da ba ta gogewa, sai Nintendo suka ce ba ita ba ce, sun dai sake ƙera ta daga tushe. Wataƙila ta yi kyau, amma ba wanda zai iya faɗa maka sai an shekara ana murza ta, balle a ƙurar Kano lokacin hunturu.

Bazazzage_92 ya amsa:

Oga mai gyara na yarda da kai a kan garanti amma maganar a jira farashi ya sauka gaskiya zamaninta ya wuce, wannan lissafin lokacin PS3 ne da ya fito a dala 599 a 2006 sannan Slim ya zo a 299 a 2009. Yanzu abin juyawa ya yi. PS5 ya fito Nuwamba 2020, a Agustan 2022 Sony suka ƙara masa kuɗi a Turai da Ingila da Japan, a Afrilun 2025 suka sake ƙara wa wanda ba ya cin faifai. Xbox ma ranar 1 ga Mayun 2025 suka ƙara, Series X daga dala 499.99 ya koma 599.99, na'urar da ta kusa shekara biyar a kasuwa fa. Shi kuwa Switch na farko tun 3 ga Maris 2017 har zuwa Mayun 2025 yana dala 299.99 a Amurka, ya yi shekara takwas bai motsa ba. To wa ya ce maka Switch 2 zai sauka baɗi? Su kansu Amurkawa sai da aka ɗaga musu ranar fara yin oda daga 9 ga Afrilu zuwa 24 saboda harajin Trump, kuma kayan haɗinsa irin su hannu an riga an ƙara musu kuɗi.

Ka haɗa da naira. Farkon 2023 dalar gwamnati tana wajen 460, yau ga inda muke. Wanda ya ce a wancan lokacin bari in jira PS5 ya yi sauƙi ai ya ga abin da ya gani.

Ni abin da nake ganin shi ne ainihin tambayar ba wai ranar farko ko ba ranar farko ba, a wane farashi za ka samu. In yayanka zai samu a fam 395.99 ko 429.99 na kanti, wannan dama ce don ba kullum ake samun mai tahowa ba, kuma cajar Ingila baki uku ce irin tamu, wutar ma ɗaya, ba ruwanka da neman adafta. Amma in ya je ya tarar ya ƙare sai wajen masu saye su ɓoye su sayar ninki, irin yadda aka yi da PS5 kusan shekara biyu saboda ƙarancin cif, to ko sisi kar ka ƙara, ka bar shi. Kuma zai iya ƙarewa, a Japan kaɗai mutum miliyan 2.2 suka shiga ƙuri'ar shagon Nintendo, har shugaban kamfanin Furukawa ya fito ya ba da haƙuri cewa ba zai ishi kowa ba. Don haka in za ka yi, yau za ka ce wa yaya ya fara nema, ba ranar 5 ga wata ba.

Wani abu kuma, in wani ya kawo maka na Japan da araha ka kula, akwai na yen 49,980 wanda Japananci kawai yake yi kuma sai da asusun Japan, ba za ka iya mayar da shi Turanci ba. Ina tsoron za a shigo da irinsu kasuwa a sayar wa mutane ba su sani ba.

Maman_Twins ta amsa:

Sannu ƙanina. Ni yarana ne ke bugawa ni ce mai biya, shi ya sa na zauna na karanta abin sosai kafin su fara damuna. Kuɗin na'urar ba shi kaɗai ba ne, wannan nake so ka gane.

Memorin da ke cikin tsohon naka ba zai ɗauki gem a sabon ba, sai wani da ake kira microSD Express kuma ya fi tsada, ban ma fara ganinsa a shagunanmu ba. Na'urar tana zuwa da 256GB, da farko zai isa amma Mario Kart World kaɗai ya haura 20GB. Shi wannan Mario Kart ɗin in ka saye shi daban dala 79.99 ne, shi ya sa in za ka saya dole ka ɗauki wanda aka haɗa su tare, bambancin fam 34 ne kawai. Sai dai ka sani na cikin kwalin ba kaset ba ne, saukewa za ka yi daga intanet, kenan datarka ce za ta yi aiki.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne wani sabon salo da suka kawo wai game-key card, za ka sayi kwali da kaset a ciki kamar kullum amma gem ɗin ba ya cikin kaset ɗin, mabuɗi ne kawai, sai ka haɗa da intanet ka sauke gaba ɗaya, kuma duk lokacin da za ka buga sai kaset ɗin na ciki. Street Fighter 6 haka yake, da yawa daga na sauran kamfanoni haka suke. Cyberpunk 2077 dai an ce gaba ɗaya yana cikin kaset. Ga wanda ke da wifi marar iyaka ba komai, amma mu da ke sayen data da giga kuma an ƙara mata kuɗi kashi 50 a farkon 2025, kafin ka sayi kowane kaset ka duba gaban kwalin daga ƙasa, suna rubutawa.

Sannan ka ce sallah. Ban san nauyin da ke kanka a gida ba, amma in akwai layya ko ɗinkin ƙanne a wuyanka ka fara cire wannan tukuna ka ga abin da ya rage, gem ba zai gudu ba.

Gidan_Gem_Tudun_Wada ya amsa:

Malam tambaya ɗaya zan yi maka, wane gem ne kake so ka buga wanda ba za ka iya bugawa a abin da ke hannunka ba? Domin ranar farko sabon gem babba na Nintendo guda ɗaya ne, Mario Kart World. Donkey Kong Bananza sai 17 ga Yuli. Sauran yawanci tsofaffi ne da aka daɗe ana bugawa a PS4 da PS5, Zelda guda biyun kuma gyara hoto aka yi za ka biya dala 9.99 kowanne. In ƙwallo ce ta fi ƙarfi a gidanku to FC, gem ɗin ƙwallo na kamfanin EA, ba ya cikin na ranar farko, sun ce sai daga baya zai zo, kuma da wannan kuɗin za ka samu PS4 na hannu mai kyau da hannu biyu har ka yi canji mai yawa. Ni a shagona yaro bai taɓa shigowa ya tambayi Mario ba, ƙwallo ce da Mortal Kombat.

Amma in Mario Kart ne abin ku kai da ƙannenka, wannan wata magana ce, don mota 24 ake tsere a lokaci ɗaya kuma duk filayen a haɗe suke kana iya yawo tsakaninsu, ba za ka same shi a ko'ina ba sai a nan.

Ɗan_Hotoro ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wlh kowa ya buɗe min ido ta wani ɓangare. Hajiya maganar layya Alhamdulillah baba ne ke yi, ɗinkin yara kuma na riga na bayar, wannan kuɗin daban na tara shi. Maganar memori da ta saukewa ce ban sani ba sam, na ɗauka kaset zan tarar a kwalin.

Oga na Tudun Wada gaskiya Mario Kart ne, ƙwallo muna zuwa gidan gem mu buga, amma da daddare in an kawo wuta mu huɗu muke zama a falo har ƙanwarmu ƙarama, ita ce ma ke cinye mu yawanci. Abin da na yanke shi ne zan ce wa yaya ya nemi na fam 429.99 ɗin a kanti, in bai samu a wannan farashin ba ya bar shi sai wani zuwan, ba zan bi 'yan ninki ba. Kuma zan roƙe shi ya buɗe a can ya kunna, ya yi afdet ɗin farko ya sauke Mario Kart da wifi ɗinsa, ya buga na 'yan kwanaki, in akwai matsala ya mayar tun yana kusa da shagon, rasit ɗin kuma ya zauna a hannunsa. Tsohon ba zan sayar ba tukuna.

Saura tambaya ɗaya oga mai gyara, tsofaffin hannayena da kaset-kaset ɗina za su yi a sabon ko sai na sake saye?

Mai_gyara_Farm_Centre ya amsa:

Za su yi. Tsofaffin Joy-Con da Pro Controller suna haɗuwa da shi ba waya, sai dai Joy-Con ɗin ba za su maƙale a jikinsa ba don sabon da maganaɗisu yake kamawa, kenan a jikin tsohon Switch ɗin za ka riƙa cajinsu, wani dalilin kenan na kar ka sayar da shi. Kaset kuma mafi yawansu suna yi, akwai 'yan kaɗan masu matsala da Nintendo suka jera a shafinsu, ka duba naka a ciki. Asusun da za a sauke Mario Kart ɗin ka tabbata naka ne ba na yaya ba, ka ba shi ya shiga da shi, kuma ƙasar asusun ta zama Ingila kafin ya sauke. Ka ce ya haɗo maka da gilashin kare sikirin da jaka tun daga can, inci 7.9 ne, na tsohon ba zai hau ba. In ya iso kar ka jona dok ɗin, wato mazaunin da ake ɗora shi a haɗa da talabijin, kai tsaye a bango ko a janareta, ka sa masa sitabilaiza.