Hutun amarci a tsibiri: ita barci take so, ni kallon kifaye

Angon Afrilu

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu. In Allah ya kai mu, ƙarshen Afrilu za a ɗaura, kuma na daɗe ina ajiye ɗan abin da ya samu don mu tafi hutun amarci wani tsibiri. Tsakanin Zanzibar da Maldives nake ta kai-kawo.

Ga inda gizo ke saƙar. Ita cewa ta yi in kai ta inda za ta miƙe ƙafa a inuwa ta yi barci, kada wanda ya tashe ta, don aikin dare ya gama cinye ta. Ni kuwa tun da na ga bidiyon mutane kwance rub-da-ciki a saman ruwa, gilashi a fuska, bututu a baki, suna kallon kifaye, abin ya tsaya mini a rai. Na ɗan iya iyo, amma ban taɓa shiga teku ba. Ita kam ruwa in ya wuce gwiwa sai salati.

Wanda bai iya iyo ba zai iya wannan leƙen? Wanne tsibirin ya fi dacewa da mu? Kuma watan Mayu ya yi?

Maman Tagwaye

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ƙanena. In Zanzibar ce, fara cire Mayu daga lissafi. Maris zuwa Mayu babbar damina ce a can, ruwa kamar da bakin ƙwarya, teku ya ɗaure fuska, wasu otal-otal ma rufewa suke yi su yi gyare-gyare. Ka bari sai Satumba ko Oktoba, lokacin iskar kudu ta lafa, ruwa ya yi garau. Amarya ba za ta tsufa ba kafin nan.

Sai abin da hotunan otal ba sa nuna maka, wato janyewar teku. Mu a gabas muka sauka, a Jambiani. Ka kwanta kana jin ruwa na dukan gindin katanga, gari ya waye ka ga ya tafi can nesa, sai ka kare ido da hannu kafin ka hango farin kumfarsa. Mata sun cika filin da ya bari, zaune cikin ruwa iya ƙugu, suna ɗaure ciyawar teku a igiyoyin da suka ja tsakanin turaku. Kallo ne mai daɗi, kuma matarka za ta so shirun wurin. Amma kai mai son shiga ruwa sai ka yi zaman jiran awanni. Sau biyu yake yi tsakanin dare da rana, kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50, kuma ya fi ja da nisa a tsayuwar wata da daren sha huɗu.

Don haka ku nufi arewa, Nungwi ko Kendwa, inda janyewar ba ta hana wanka. Sai dai a Kendwa ana kiɗan cikar wata har tsakar dare, ka tabbata ɗakinku ya yi nesa da wurin.

Masu jiragen ruwa duk Mnemba za su ce su kai ku. Akwai kifi kam, amma tsibirin a hannun wasu yake, ba a sauka, daga cikin jirgi ake faɗawa ruwa mai zurfi, kuma da hantsi ya yi jirage sun yi cincirindo. Ni ba zan fara kai mai tsoron ruwa can ba. Tsibirin Chumbe ya fi natsuwa: tun 1994 aka keɓe ruwansa, ana ƙayyade yawan baƙi, kuma ma'aikatan wurin ne ke shiga da ku.

Kada ka manta da katin rigakafin shawara. Sannan tun Oktoban 2024 dole baƙo ya sayi inshorar Zanzibar kafin ya shiga, dala 44 aka fara da ita.

Ɗan Ruwa

Ango, eh, za ta iya, da sharaɗi biyu: rigar da ke hana nutsewa, da mai rakiya a gefenta. Ba iyo ake yi ba, kwanciya ake yi, ruwan gishiri kuma yana ɗaga mutum. Abin da ke kayar da sabon shiga numfashi ne. Hanci a rufe yake cikin gilashin, ta baki kaɗai za ka shaƙa, kuma a karon farko jiki sai ya ƙi yarda.

Ku fara a inda ruwa ke iya ƙugu, a tsaye. Ta sunkuya ta sa fuska, ta ja numfashi a hankali har ta saba da ƙarar iskar cikin bututun. In ruwa ya shiga, ta fesar da ƙarfi sau ɗaya, ko ta ɗaga kai ta cire. Gilashi kuwa ga yadda ake gwada shi: ɗora a fuska ba tare da ka sa madaurin ba, ka ja iska ta hanci. Ya manne, naka ne. Ya faɗi, canja. In kana da gashin baki ka rage shi, ta nan ruwa ke sulalowa. Ɗan yawu a cikin gilashin, a murza a ɗauraye, yana hana shi yin hazo.

Komai zai yi maka girma da wajen kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matso kusa, kada wani kifi ya firgita ku. Ka yi shiru ka saurara, za ka ji ƙaras-ƙaras: kifin nan ne mai baki irin na aku yake gurgurar murjani, abin da ya fitar kuma shi ne farin yashin da kuke kwanciya a kai. Kada ku taka murjani, rayayye ne, yana kuma yanka. Ku sa takalmin roba saboda bushiyar teku, ƙayarta karyewa take yi a cikin tafin ƙafa. Riga mai dogon hannu da wando su rufe baya da sharaɓa, don rana na gasa mutum bai sani ba. Mayafi mai yawo a ruwa kam a'a, akwai kayan wanka masu rufe jiki da kai da aka ɗinka don haka.

Baƙon Male

Ni Maldives zan ce, in aljihu zai ɗauka. Dalilina ɗaya: otal da yawa suna da murjani a bakin tsibirinsu, taku kaɗan daga ɗaki. Kai ka shiga ruwa, ita tana kwance tana hango ka, ba jirgi, ba tashin asuba. Ka dai tambaya kafin ka biya, ba kowane otal ke da shi ba. Tun 2009 aka yarda a buɗe masaukai a tsibiran da jama'a ke zaune, irin su Maafushi, sun fi sauƙi sosai. Lokacinsu mai kyau Disamba zuwa Afrilu ne, Mayu nan ma ruwa ya fara. Kuma ƙananan jiragen sama masu sauka a ruwa da rana kawai suke tashi, in da su ake zuwa otal ɗinku, kuka iso Male, babban birnin ƙasar, da dare, sai kun kwana.

Maman Tagwaye

Duk na yarda da su. Amma ƙanena, in ta gwada a iya ƙugu ta ce ya ishe ta, ka ƙyale ta. Kada ka cika kwanakin da fita-fita. Kuma kai ma kada ka shiga kai kaɗai don tana barci, ka bi mai rakiya.

Angon Afrilu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na nuna mata, ta ce Satumba ta yi mata, arewacin Zanzibar kuma muka fi karkata. Tana da tambaya ɗaya: tabarau take sawa na ƙara gani, zai shiga cikin gilashin?

Ɗan Ruwa

Ba zai shiga ba, hannayensa ɗaga robar suke yi ruwa ya kwararo. Akwai gilashin da aka sa wa ƙarfin gani, ku saya tun kafin tafiya da lambar idonta. Kada ku dogara da na haya a bakin teku.